Labarin hadari a waya, sako daga Jamus

Salam Yaya, ya gida ya su Inna, ya mutanen Auyo da sharar gona. Ka ce in baka labarin kayan nan, gsky abinci namu yafi, gero sai a shagon 'yan Afirka kuma da tsada, tumatir dinsu ga kyau a ido amma ba dandano. Inda suka yi mana nisa shine labarin yanayi. Hukumarsu ta yanayi, DWD, tana da manhaja a waya, gargadin hadari kyauta ne, sai a ce nan da awa biyu ruwa zai sauka a unguwarku kuma yawanci sai ya sauka.

Ba duba bane, tururin ruwan dake cikin iska suke aunawa musamman na kasa kasa, don kusan rabinsa yana cikin kilomita 2 na farko daga doron kasa kuma da shi hadari yake haduwa. A Lindenberg kusa da Berlin akwai tasha tun 1905, suna harba hasken leza sama, abinda ya dawo shi yake nuna yawan laima a kowane tsayi, ga balan-balan mai na'ura da ake saki kullum, kai har siginar GPS dinnan suna aiki da ita saboda laima tana dan jinkirta ta kafin ta iso kasa.

Abinda yake min ciwo, tauraron dan adam na Meteosat da ake sarrafawa daga garin Darmstadt a nan Jamus yana can kilomita 36,000 saman tekun Guinea, wato mu ya fi kallo sosai. To amma laimar sama yafi gani, ta kusa da kasa sai da na'ura a kasa, ita ce ta mana karanci. Hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina duk shekara kuma yana da amfani wlh, sai dai mai shuka so yake a gaya masa ko fari zai biyo bayan ruwan farko a wannan satin, kafin ya zuba iri.

Suma nan Jamus ambaliya ta ci sama da mutum 130 a kwarin kogin Ahr a 2021, bayan nan suka kawo tsarin da gargadi yake shiga waya da kara ko babu data. Da muna da irinsa a 2022 da kogin Hadejia ya balle ai da mutane da yawa sun fitar da hatsi da dabbobi.

Dan Allah kar ka zuba irin geron duka a ruwan farko, ka rage rabi. Kudin taki zan turo karshen wata insha Allah.