Fitilar sola mai cajin waya: ta cancanci kuɗinta?

Tun bayan ɗaukewar wutar lantarki da ta shafi yawancin jihohin arewacin Najeriya a watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, gidaje da dama suka fahimci cewa janareta ba ya wadatarwa idan man fetur ya yi tsada. Ƙaramar fitilar sola mai faranti daban da kafar cajin waya tana cike wannan giɓi gwargwadon hali. Idan aka shanya farantin tun safe, haskenta, in an rage ƙarfinsa, yakan kai har asuba, ya ishi ɗaki guda da karatun yara, ba hayaƙi kuma ba haɗarin gobara irin na kyandir ko aci-balbal.

Rauninta yana wajen caji, domin babbar waya tana shanye batirin, sai dare ya yi babu haske. A lokacin hazon hunturu kuwa cajin yakan ragu ƙwarai, don haka dole a riƙa goge ƙurar farantin kullum. Jabu sun yi yawa a kasuwa, saboda haka ina ganin kada mai saye ya biya kuɗi sai an ba shi takardar garanti.