Kafson garin baƙin radish: abin da ke cikin kwalba da abin da aka rubuta a bayanta

Kafson garin baƙin radish, wata saiwa mai ɗan yaji da ake ci ɗanya, yana cikin kayan ƙarin lafiya da ake yawan tallatawa a intanet, kuma masu sayar da shi suna danganta shi da wanke hanta, gyaran narkewar abinci da ƙarfafa garkuwar jiki. Kwalbar da na gwada tana ɗauke da kafso mai miligram 500 na busasshen garin saiwar kowanne, an rufe ta da kyau, kafson ba ya wuyar haɗiya, kuma ban ji ya dami cikina ba. Iyakar yabon da zan iya yi masa ke nan, domin da aka auna shi da ɗanyen radish sai ya gaza nesa ba kusa ba.

Lissafin mai sauƙi ne. Kusan kashi 95 cikin 100 na ɗanyen radish ruwa ne, kuma gram 100 nasa yana ba da kalori kusan 16, bitamin C kusan miligram 15, da fotashiyam sama da miligram 200. Idan aka busar da saiwar aka niƙa, miligram 500 na garin ba zai wuce madadin gram 10 na ɗanyen ba, wato ɗan yanki da mutum zai cinye a loma ɗaya. Bitamin C da ke cikin wannan yanki bai kai miligram 2 ba tun kafin a busar da shi, kuma zafi da iska suna lalata wannan bitamin. Saboda haka maganar ƙarfafa garkuwar jiki da kafso ɗaya ko biyu a rana ba ta da madogara.

Abin da ya fi damuna shi ne sinadaran da suka ba radish martabarsa. Radish ɗan'uwan kabeji ne, kuma saiwarsa tana ajiye wasu sinadarai da ake kira glukosinolet, waɗanda su kansu ba su da yaji. A cikin saiwar akwai wani enzayim, wato sinadari mai sauya wasu sinadarai, mai suna mairosines da aka keɓe shi daban, kuma sai lokacin da wuƙa ko haƙori ya fasa ƙwayoyin saiwar ne biyun suke haɗuwa su haifar da aisotayosayanet, sinadarin da ke sa yajin nan mai hawa hanci. Shi ne kuma masana suka fi mayar da hankali a kansa wajen binciken yadda hanta ke sarrafa guba. Zafi yana kashe enzayim ɗin, sannan babban aisotayosayanet na radish ba ya daɗewa bayan ya samu. Wannan ya sa yadda aka busar da garin yake da matuƙar muhimmanci, amma kwalbar ba ta faɗi komai a kai ba, ba ta kuma faɗi yawan glukosinolet da ke cikin kowane kafso ba.

Na buɗe kafso ɗaya na zuba garin a ɗan ruwa na bar shi ya jiƙa. Garin mai launin ƙasa-ƙasa ne, yana da warin dafaffen kabeji da ɗan ɗaci a bayan harshe, amma babu alamar yajin da ake ji idan aka ciji ɗanyen radish mai ƙaras-ƙaras. Harshe ba ɗakin gwaji ba ne, kuma ƙwayoyin bakteriya da ke cikin hanji suna iya sarrafa wani kaso na glukosinolet ko da enzayim ɗin ya mutu, sai dai kason da ake samu ta wannan hanya ya fi ƙanƙanta.

Batun hanta ma yana bukatar a bi shi a hankali, domin yawancin sakamakon da ake kafa hujja da shi daga gwajin ƙwayoyin halitta da na dabbobi ya fito, kuma hakan bai isa a yi wa mai saye alkawarin warkewa ba. Wanda ke neman amfanin radish zai fi samunsa idan ya ci ɗanye, tare da ɓawonsa, domin sinadarin antosayanin da ke ba ƙananan jajayen radish launinsu a ɓawon yake, kuma ganyensa ya fi saiwar yawan bitamin C da kalsiyam.

Akwai gargaɗi biyu da ban gani a jikin kwalbar ba, kuma rashinsu ya fi kowane aibi nauyi a wurina. Kwamitin masana da ya tantance magungunan tsirrai a Jamus ya amince da ruwan radish don matsalar narkewar abinci, amma ya hana shi ga masu tsakuwa a madaciya, domin yana motsa kwararar ruwan madaciya. Haka kuma yawan cin dangin kabeji yana iya rage yadda ƙullin tayirod da ke gaban wuya ke ɗaukar sinadarin aidin ga wanda dama aidin ɗin ya yi masa ƙaranci. Duk mai ɗaya daga cikin waɗannan lalurori ya kamata ya tuntuɓi likita kafin ya fara shan wannan kafso kullum.