Saitin tukwane "guda goma" da na saya, da ukun da suka gaje shi

A gidana baki takwas ake dafa wa kullum: ni da maigidan, yara biyar, sai ƙanwarsa da ke karatu a wajenmu. Sau uku ake ɗora tukunya a rana, kuma a mako da ƙyar a yi dare biyu ba a tuƙa tuwo ba. Duk abin da zan faɗa a kan tukwane daga wannan kicin ɗin ya fito. Amaryar da ke dafa wa mutum biyu taliya da ƙwai, nata lissafin daban ne.

Ƙarshen 2022 na kwashi adashe, na shiga kasuwa nan Kano da niyyar canja tukwanena gaba ɗaya. A wani shago idona ya faɗa kan saitin nan da ake yayi, mai launin toka da ɗigo-ɗigon fari, wanda ake ce wa giranayit, murfin gilas, hannu kamar katako. Mai shagon ya ce, "Hajiya, wannan ko mai ba kya buƙata, ba ya kamu, kuma guda goma ne a kwali." Na yi ciniki, na biya fiye da rabin kuɗin adashen, na ɗauko Adaidaita Sahu zuwa gida ina ta murna.

Da na buɗe kwalin na ƙirga: tukunya huɗu, murfi huɗu, kasko ɗaya, cokalin roba ɗaya. Goman ke nan. Babbar cikinsu ba ta cin kwano ɗaya na shinkafa, ƙaramar kuwa in ba dafa ƙwai ba ban san abin da za a yi da ita a gida irin nawa ba. Ashe tukunya huɗu na saya da kuɗin goma.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, wata biyun farko na ji daɗinsa. Wainar ƙwai tana zamewa daga kasko ba tare da an kankare ta ba, dafa-duka ba ta kamawa, wanke-wanke kuma ruwa da ɗan sabulu sun wadatar. Har maƙwabciyata na kira ta zo ta gani.

Tuwo ne ya tona masa asiri. Muciya itace ce, ba ƙarfe ba, amma duk wadda ta tuƙa tuwon masara na mutum takwas ta san ƙarfin da ake sawa, ana danna gindin tukunya ana jan tuwon a jikinta. Kafin tuƙi ma sai ruwa ya tafasa da wuta mai ƙarfi, a yi talge, a bar shi ya yi ta ɓararraka, bayan tuƙi a rufe ya sulala. Tukunyar ba ta da nauyin da za ta zauna, sai an sa yarinya ta riƙe hannunta. A wata na huɗu na fara ganin zane-zane a gindin. A na biyar, ranar da na yi tuwon shinkafa, ina kwashewa da mara na ga baƙin ɗigo-ɗigo a jikin farin tuwo. Fentin ne yake ɓarewa yana shiga abincin 'ya'yana. Abin ya tsaya mini a rai, daren nan tuwon bai shiga bakin kowa ba, burodi da shayi aka sha.

Sauran lalacewar ta biyo baya da sauri. Gindin ta biyun ya kumbura, ta daina zama daidai a kan gas. Hannun da noti aka ɗaure shi, kullum sai an ƙara matsewa. Ranar da gas ya ƙare na ɗora a kurfoti, harshen wutar gawayi ya lashe hannun, sai ga ƙaurin roba, ashe katakon zane ne kawai. Murfi ɗaya ya suɓuce a wajen wanke-wanke ya tarwatse, kuma babu inda ake sayar da shi shi kaɗai. Wata bakwai saitin ya yi. Lokacin kuma ya zo daidai da cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, komai ya tashi a kasuwa, babu zancen sake sayen wani.

Daga baya na fahimci abin da ya faru. Abin da ke hana kamun wani siririn shafi ne mai suna PTFE, wanda aka fi sani da Teflon. A Amurka aka gano shi a 1938, kamfanin Tefal na Faransa kuma ya fara sayar da kaskon da aka shafa wa shi a 1956. Shafin yana fara lalacewa idan zafi ya wuce digiri 260, kuma kasko marar kauri da aka bari babu komai a kan wutar gas yakan kai haka cikin 'yan mintuna. Yawancin giranayit ɗin kasuwa babu dutse a cikinsa, shafin nan ne aka yi masa ɗigo-ɗigo, a ƙarƙashi kuma alminiyum ne marar kauri. An yi shi ne don suyar ƙwai da kifi a wuta kaɗan da cokalin katako. Wanda ya ƙera shi bai san muciya ba, bai san yaran da ke kankare ƙanzo da cokali ba, bai san soson ƙarfe ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mai shagon ya san tuwo muke ci, bai ce mini komai ba.

Da na kai wa Inna kuka, shiga ɗaki ta yi ta fito mini da tukunyar dalmarta mai cin kwano ɗaya da rabi, wadda tun ina 'yar firamare nake ganin ta a kan murhu. Ta ce, "Ungo, ki riƙe kafin Allah ya hore. Wannan ita ta raine ku." Daga nan na daina tunanin saiti, na koma sayen tukunya ɗaya-ɗaya, kowace da aikin da za ta yi.

Ta farko ita ce ta tuwo, kuma dalma na saya, 'yar uwar ta Inna, don in mayar mata da tata. Wajen tuwo ban ga abin da ya kama ƙafarta ba. Tana da kauri, tana da nauyin da za ta zauna daram ko ke kaɗai ce a kicin, kunnuwanta a jikinta aka zuba su, babu notin da zai kwance. Gas, gawayi, itace, duk ɗaya ne a wajenta. Zafi yana bin jikinta ko'ina, shi ya sa tuwo ke sulala sosai, ƙanzon ma ya fito da kyau a jiƙa a yi wa yara kwaɗo. In ta huje akwai masu liƙe ta. Wajen saye na ɗaga ta sama na duba ta da hasken rana ko akwai ƙananan huji, na shafa cikinta don in ji ko akwai kaushin yashi, na ƙwanƙwasa na ji ƙararta, sannan na ce wa mai ita, "Malam, a zuba mata ruwa mu gani." Bai ji haushi ba, ya ce masu abincin sayarwa ma haka suke yi.

Amma akwai maganar da ba zan ɓoye ba, domin ni ma ta hana ni barci. Muna ce mata tukunyar dalma, alhali alminiyum ce. Maƙera, irin na Panteka a Kaduna da na nan Kano, suna narka gwangwanayen lemo da tsofaffin sassan inji da makamantansu, su zuba a cikin zubin yashi. Matsalar ita ce tarkacen da ake narkawa wani lokaci yakan zo da dalma ta gaske a ciki, wato gubar nan da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Can daga haƙar zinariya ta fito, ba daga tukunya ba, amma gubar ɗaya ce. A 2014 wasu masu bincike sun gwada irin waɗannan tukwane da aka ƙera a Kamaru, suka tafasa ruwa mai tsami a ciki, suka tarar dalma tana fita daga jikin da yawa daga cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu wani adadin dalma a jiki da aka san ba ya cutarwa, musamman ga ƙananan yara da masu juna biyu. Ido ba ya gane wadda take da ita da wadda ba ta da ita, kuma tafasa dusa da muke yi a sabuwar tukunya datti da baƙi yake cirewa, ba guba ba.

Abin da na yanke shi ne na taƙaita mata aiki. Tuwo, farar shinkafa, ruwan zafi. Ba na sa mata tumatir, ba na sa tsamiya, ba yakuwa, ba zoɓo, domin tsami shi ke cin jikin alminiyum. Kanwa ma tana cin sa, shi ya sa tukunya ke yin baƙi bayan an dafa wake da ita. Abinci ba ya kwana a cikinta, ana saukewa ake juyewa a kula. Kunun autana kuwa ko kusa ba ya zuwa wajenta.

Wannan ya kai ni ga ta biyu, ta miya, kuma ita ce ta fi cin kuɗi. Silba ce, wato baƙin ƙarfen nan da aka gauraya don kada ya yi tsatsa. A gindin tawa an rubuta 18/10, ma'ana kashi 18 cikin ɗari sinadarin kuromiyum ne, kashi 10 nikel. Tsami ba ya yi mata komai. Miyar tumatir, miyar yakuwa, taushe, kunun tsamiya, zoɓon azumi, duk a ciki nake yi, har miya ta kwana a ɗumama da safe ba ta canja ɗanɗano. An sa mata soson ƙarfe ba sau ɗaya ba, ta faɗi ƙasa ba sau ɗaya ba, tana nan tana sheƙi.

Sai dai silba iri-iri ce, kuma a nan mata da yawa ke asara. Ƙarfen silba ba ya yaɗa zafi da kyau, alminiyum ya ninka shi wajen sau goma sha biyar. Saboda haka silba marar kauri, mai sauƙin nan da ake jerawa a tire, wurin da harshen wuta ya taɓa kaɗai ke ɗaukar zafi, miya ta ƙone a tsakiya gefe bai tafasa ba. Mai kyau ita ce wadda aka lanƙaya wa faifan alminiyum mai kauri a gindi aka rufe da silba. Ki juya ta ki duba, za ki ga gindin ya fi jikin kauri, kuma in kin ɗaga nauyin a ƙasa yake. Ki duba hannun: wanda aka kafe da ƙusa ta ratsa jikin tukunyar ya fi na noti nesa ba kusa ba, kuma na ƙarfe ya fi na roba in kina amfani da gawayi. Murfin ya zama na ƙarfe, ya zauna ruf, domin murfin da ke sakin tururi gas ɗinki yake sha. Wasu na zuwa da maganaɗisu, wai in bai kama jikin ba to 18/10 ce. Yana taimakawa, amma akwai silba mai araha da ita ma maganaɗisu ba ya kama ta, don haka ni hannu da ido na fi yarda da su.

Aibinta guda biyu ne. Tana kamu in aka yi mata gaggawa. Sai da na koyi barin ta ta ɗan yi zafi kafin in zuba mai, in rage wuta bayan kayan miya sun tafaso. Gishiri kuma sai ruwa ya tafasa nake zubawa, in ya kwanta a gindi cikin ruwan sanyi yakan bar ƙananan tabo. Na gwada tuƙa tuwo a ciki sau ɗaya, ya yiwu, amma wankin ƙanzon ya ba ni wahala.

Na uku kaskon baƙin ƙarfe ne mai zurfi, irin na masu ƙosai, ƙarami dai. Shi ne mafi araha a cikinsu. Ƙosai, awara, dankali, kifi, naman Sallah, duk shi. Sharaɗinsa ɗaya: kada ya kwana da ruwa. Ana wankewa a ɗora a wuta ya bushe, a shafa masa ɗan man gyaɗa. Yanzu ya yi baƙi ƙirin ya yi santsi, awara ba ta manne masa.

Ukun nan gaba ɗaya, duk da tashin kaya, ba su kai abin da na biya a saitin ba, kuma ban biya a rana ɗaya ba, tsakanin kowace da 'yar uwarta akwai wata biyu ko uku. Sun haura shekara biyu a hannuna babu wadda ta nemi gyara. Da ƙaramar tukunyar alminiyum ta kamfanin Tower da nake da ita tun ta aure, wadda nake dafa ruwan shayi da taliyar yara, kicin ɗina ya cika. Daga tsohon saitin kuwa kaskon kaɗai ya tsira, domin shi ne ban taɓa wahalar da shi ba. Yana rataye can sama inda hannun yara ba ya kai, ƙwai kawai yake gani, da cokalin katako, a wuta kaɗan. In ya mutu zan sayi wani guda ɗaya, don a wannan aikin yana da amfani.

Watan jiya yayata ta kira ni a kan kayan kicin ɗin 'yarta da za a aurar bayan Sallah. Ta ce, "Ke ma kin san 'yan ganin ɗaki, in ba su ga saiti a jere ba sai an yi da mu." Gaskiya ta faɗa, na san bakin mutane, kuma ban ce kada ta saya ba. Na roƙe ta dai ta ɗauki ƙaramin saiti, ragowar kuɗin a sayi silba mai kaurin gindi guda biyu, babba da matsakaiciya. Ta tuwo da kaskon ƙarfe na ce ta bar mini, su ne gudummawata, kuma ni zan je in zaɓo da hannuna. Ranar Asabar muka sa za mu shiga kasuwa tare.