Gargaɗi ga masu sayen ƙarafan rufi: milimita 2.0 na biya, milimita 1.5 aka kawo mini

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan bayani saboda kunya, domin mutumin da ya shekara goma sha biyu yana tsaya wa ginin sito bai kamata a ce an yi masa sakiyar da ba ruwa a kan ƙarfe ba. Amma an yi mini, kuma har yanzu idan na tuna hannuna ne ya riƙe ma'aunin, sai raina ya sake ɓaci.

Abin da na yi oda shi ne ƙarafa 180 masu siffar Z, waɗanda ake jerawa a kan rafta a ɗaure kwanon rufi a kansu, kowanne mita 6 a tsawo, zurfinsa milimita 200, kaurinsa milimita 2.0, sai kuma guda 60 masu siffar C da ke riƙe kwanon bango ta gefe. Irin waɗannan ƙarafa ba da wuta ake sarrafa su ba, faifan ƙarfe mai rufin tutiya ake warwarowa daga naɗinsa a bi da shi ta cikin injin da ke lanƙwasa shi a sanyaye, saboda haka ƙarfinsu ya dogara ne a kan kaurin faifan da ingancinsa da siffar lanƙwasar. Na san wannan tun kafin na haɗu da mutumin da ya sayar mini da su, kuma shi ya sa na nemi samfur.

Ya kawo samfurin da kansa, ya miƙo mini, ya ce, "Yallaɓai, kada ka yarda da bakina, ka auna da kanka." Na auna a wuri uku da ma'aunin kaurin da nake aiki da shi kullum, ya nuna milimita 2.0. Wannan magana tasa ce take ta yi mini yawo a kai, domin maƙaryaci ba ya cewa a auna shi, ko kuwa haka na ɗauka. A ranar na biya kashi 70 cikin ɗari a matsayin kafin alƙalami. Duk wanda zai ce na yi gaggawa, ya faɗa mini abin da zai yi bayan ya auna da hannunsa ya ga milimita 2.0.

Kayan sun iso da almuru, aka sauke su cikin hanzari saboda direban yana ta ƙorafin dare. Kafin nan ma, na manta ban faɗa ba, mai sayarwar ya riga ya turo mini takardar gwajin masana'anta, wadda ta nuna ƙarfen mai lambar inganci S450GD ne, rufin tutiyarsa kuma mai lamba Z275, kuma ita ce ta sa na saki jiki gaba ɗaya. Sai daga baya na lura lambar naɗin da ke kan takardar ba ta jikin ko ɗaya daga cikin ƙunshin da aka kawo. A daren saukewar na auna biyu daga saman ƙunshi, duka suka nuna milimita 2.0, na cika masa kashi 30 da ya rage. Ashe guda 12 kaɗai ya jera a sama masu cikakken kauri, sauran 168 duk milimita 1.5 ne.

Mun ɗora fiye da rabi kafin asiri ya tonu. Shugaban ma'aikatana ne ya ce mini ƙarfen ya yi masa sakayau a hannu, kuma da ɗaya daga cikin yaran ya taka tsakiyar wani, sai ya ga yana murɗewa. Muka ɗora a sikeli. Wanda ya kamata ya kai kilo 35 bai wuce kilo 26 ba, wato kusan tan ɗaya da rabi na ƙarfen da na biya bai taɓa shigowa wurin aikina ba. Na gefen ma da muka auna, labarin ɗaya ne.

Wani zai ga rabin milimita ba wani abu ba ne, alhali kuwa rubu'in ƙarfen ne ya tafi. Abin da ya fi muni shi ne siririn faifai yana lotsawa tun kafin ƙarfen ya kai iyakar ƙarfinsa, kuma juriyarsa ga lotsawar tana tafiya ne da ninkin kaurin a kansa, don haka milimita 1.5 ba ya ba da fiye da kashi 56 cikin ɗari na abin da milimita 2.0 zai bayar ta wannan fuskar. Idan iska mai ƙarfi ta zo tana tsotsar rufi sama, leɓen ƙasa na ƙarfen, wanda kwano bai riƙe shi ba, shi ne yake shan matsi ya kauce gefe. Injiniyanmu ya yi lissafinsa ne bisa EN 1993-1-3, ƙa'idar Turai ta lissafin ƙarafan da aka lanƙwasa a sanyaye, da kaurin milimita 2.0, kuma ya ƙi sa hannu a kan aikin, ni ma ban ga laifinsa ba. Rufin tutiyar ma ƙarya ne, domin Z275 na nufin giram 275 a kowace murabba'in mita idan an haɗa fuska biyu, kaurin kimanin maikuron 20 (milimita 0.02) ke nan a kowace fuska, amma na'urarmu ta auna kaurin rufin ba ta ga ko rabin haka ba.

Da na kira mai sayarwar, sai ya ce ai kowane faifai yana da ɗan rangwamen kauri da aka yarda da shi. Gaskiya ne akwai rangwame, amma bai kai ko kusa da rabin milimita ba, kuma rangwame ba ya zaɓar guda 12 ya kwanta a saman ƙunshi. Kwana biyu bayan haka wayarsa ta daina shiga.

Ina da hotunan hirarmu da rasit da takardar gwajin da hoton ma'auni a jikin ƙarfen, kuma zan saka su da zarar lauyana ya ba ni izini. Ku kwance ƙunshi ku auna daga tsakiya, ku ɗora lodin a sikeli, ku gwada lambar naɗi da ta takarda kafin ku cika kuɗi. Gobe za mu fara kwance waɗanda muka ɗora, noti bayan noti, kuma ni ne zan sake biyan ma'aikatan da na riga na biya su ɗora su.