Tuƙa-tuƙa, sola ko rijiyar guga: kafin ku kashe kuɗin karo-karo

A ƙauyuka da yawa za ka tarar da rijiyar burtsatse a tsakiyar gari, hannunta ya saki, akuya na kwance a kan simintinta, mata kuwa sun koma tafki. Da zarar an tara kuɗin karo-karo, ko wani ɗan gari ya aiko da taimako daga birni, sai ka ji ana cewa a haƙa sabuwa. Ni dai shawarata a dakata. Haƙa ramin ne ya fi cin kuɗi, kuma sau da yawa ramin lafiyarsa lau. Abin da ya mutu bai wuce sarƙa, ko boris, ko robar da ke cikin silinda, wato ɓangaren famfon da ke can ƙasan rami yana turo ruwa sama, ba.

Don haka kuɗin farko ya tafi wajen bincike. A samo makaniki ya zaro famfon, a auna zurfin ramin da inda ruwa ya tsaya, a wanke shi da kwamfuresa, sannan a ja ruwa na tsawon awoyi a ga ko zai ƙafe. In da hali a yi wannan gwaji a bazara, wajen Afrilu, lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa. Gwajin da aka yi a watan Agusta yaudara ce.

Wannan gwajin shi zai raba gardama, domin ƙasa ba ɗaya ba ce. A yawancin Kano da Kaduna da kudancin Katsina dutse ne a ƙasa, ruwa na ɓuya ne a tsagoginsa, bai cika yawa ba. A yankin Sakkwato da na Tafkin Chadi kuwa yashi ne, ruwa ya fi wadata amma wani wurin sai an nutsa sosai.

In rijiyar ta nuna ruwanta daidai gwargwado ne, tuƙa-tuƙa ce mafita, kuma iri biyu za a fi kawo muku. India Mark II ita ce wadda kowa ya sani, an ƙirƙiro ta a Indiya a shekarun 1970 tare da haɗin gwiwar UNICEF. Tana da juriya, tana ɗago ruwa daga zurfin mita 50. Matsalarta ranar gyara: in robar silinda ta cinye, sai an zaro bututun ƙarfe gaba ɗaya, gaɓa bayan gaɓa, da manyan sifanu da ƙarti huɗu ko biyar. Hannun mutum ɗaya ya kuɓuce, bututun ya faɗa rami, an shiga uku. Ga kuma tsatsa. Na taɓa ganin wata da ruwanta na farko da asuba yake fitowa ja kamar an jiƙa kanwa, ya rina farin kwano, ya ɓata wa mata tuwo da wanki. Mutane suka ce rijiyar ce ba ta da kyau, alhali bututun ne ruwan yake ci. Da aka sauya shi da na roba, magana ta ƙare.

Afridev kuwa a Afirka aka tsara ta, daga Malawi zuwa Kenya a shekarun 1980, musamman don 'yan ƙauye su iya gyara abinsu. Bututunta na roba ne, ba ya tsatsa, kuma ana zaro sandunan da kayan cikin silinda ta cikinsa ba tare da an taɓa shi ba. Mutum biyu da sifana ɗaya sun isa. Iyakarta mita 45, kuma robobinta suna saurin cinyewa, sai ana sauya su akai-akai. In ni ne, kuma zurfin bai wuce haka ba, ita zan ɗauka. Amma da sharaɗi: a je kasuwar da ta fi kusa a tabbatar ana sayar da kayanta. A Nijar akwai ta takawa da ƙafa, Vergnet ta Faransa, tana aiki da kyau, sai dai wanda ya kafa ta a inda ba mai sayar da kayanta ya sayi wahala da kuɗinsa.

Yanzu ga lissafin da ke tura mutane wajen sola. Tuƙa-tuƙa tana cika jarka mai lita 25 cikin kamar minti biyu. In aka ɗauki lita 20 ga kowane mutum a rana, wanda shi ne ƙaramin ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, famfo ɗaya ba zai wuce mutum 300 ba sai layi ya yi tsawo, faɗa ya fara. Gari mai mutum 1,000 yana buƙatar lita 20,000 kullum, ban da dabbobi.

Nan sola take da rana. Ba man janareta, ba tuƙi, ruwa ya hau tanki ya sauko kan famfuna. Amma fa injin ba ya ƙirƙirar ruwa. In aka zura babban inji a ramin da ruwansa kaɗan ne, zai zuƙe shi ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone. Ku dage a saka na'urar da ke kashe injin in ruwa ya yi ƙasa, da waya mai kai tsawa ƙasa. Kamfanonin Grundfos da Lorentz suna da suna a wannan fanni, amma jabu ya cika kasuwa, don haka a karɓi takardar garanti. Batir ba dole ba ne, tanki shi ne ma'ajiya, a yi shi babba saboda kwanakin hadari da hazo. Farantan solar kuma a kewaye su da shinge a sa mai gadi, ɓarayi suna son su, kuma a ɗora wa wani alhakin goge musu ƙura lokacin hunturu. Garin da ba zai iya karɓar ɗan kuɗi a kan kowace jarka ya ajiye ba, kada ya sa sola, don ranar da akwatin sarrafa wutar ya lalace ba gyaran karo-karon yini ɗaya ba ne.

Rijiyar guga fa? Kada a raina ta inda ruwa ke kusa. A yashe ta, a ɗaure cikinta da siminti, a ɗaga bakinta, a yi mata murfi da guga ɗaya na kowa. Ita ce mafi arha, kuma ba ta tsayawa don wani ƙarfe ya karye. Ita ce kuma ƙazanta ta fi saurin shiga, don haka kada masai ya kusance ta da ƙasa da mita 30.

Ko wanne kuka zaɓa, a zuba kulorin bayan gyara, a kuma kai ruwan ɗakin gwaji ta hannun RUWASSA, hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta jiha. Ruwa garai-garai yana iya cutarwa: a Tibiri ta jihar Maraɗi, sinadarin fuloraid da ya yi yawa a ruwan burtsatse ya lanƙwasa ƙasusuwan yara masu yawa kafin a gane.

Shi kuma ɗan kwangila, a rubuta yarjejeniya gaban dagaci, a riƙe wani kaso na kuɗinsa sai famfon ya yi wata uku yana aiki. Kafin ya tafi, ya zaro kayan ya mayar a gaban mutum biyu na gari, ya bar musu sifana da robobin canji.