Shagon da nake kai kwamfutata gyara a Maradi

Masu gyaran kwamfuta sun yi yawa a garin nan, kusan duk shagon salula da ka shiga da akwatinka za a ce maka ajiye, ana gyarawa. Amma wanda zan iya tura mutum wurinsa hankalina kwance guda ne, wani matashi mai ƙaramin shago a gefen Babbar Kasuwa, cikin layin masu saida caja da batura. Kuɗinsa sun ɗan ɗara na sauran, kuma ba shi da sauri ko kaɗan. Abin da ya riƙe ni wurinsa shi ne yadda yake sa hannu a cikin na'ura.

Sana'ata buga takardu da fotokopi, a kan hanyar Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Kwamfutar da nake aiki da ita Dell OptiPlex 7010 ce, ta hannu, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su aka kwaso mana. Ƙirar 2012 ce, da furosesa (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki) Core i5 da RAM (inda take riƙe aikin da ake cikin yi) giga 4. Da zafin Afrilu ya kama sai ta fara halinta: fanka ta yi ta ruri, da azahar ta mutu da kanta ina tsakiyar buga kundin ɗalibi, in an ɗauke wuta kuma ta tashi da kwanan watan da ba shi ba. Na taɓa kai ta wani wuri a baya, na ga da idona yaro ya zura sukudireba ciki alhali igiyar wuta na jone, ya kuma goge allon cikinta, wanda duk kayan ke jone a kai, da tsumma mai fetur. Tun ranar ban koma can ba.

Wannan kuwa, kafin ya kwance ko sukuru ɗaya, tambayata ya yi: "Hajiya, me ke ciki wanda in ya ɓace zai tada maki hankali?" Ciki akwai kundayen ɗalibai da hotunan takardun haihuwa da katin shaidar mutane, amanar jama'a ce ba tawa ba. Ya ce in zauna a kwafe su a gabana zuwa wani diski na waje, don kada in tafi in bar masa sirrin mutane. Sai da aka gama wannan sannan ya kashe na'urar, ya zare igiya daga bango, ya danna maɓallin kunnawa ya riƙe na ɗan lokaci. Fitilar gaba ta ɗan yi ƙyal ta mutu. Ya ce sauran wutar da ta maƙale a ciki ce ta fita, kuma ko an kashe kwamfuta, muddin igiya na jone akwai volt 5 da ke yawo a allon, wanda ya isa ya lalata RAM in aka zare shi a haka.

Teburinsa na katako ne, babu leda babu darduma a kai. Yana da wata igiya da yake ɗaurawa a wuyan hannu, bakinta ya maƙala a ƙarfen akwatin. Na tambaye shi amfaninta, ya ce in tuna da tartsatsin da ke tashi daga bargo da daddare a lokacin hunturu, ko ɗan jan da ƙofar mota ke yi ma mutum. Wannan wutar jiki ce, kuma busasshiyar iska irin tamu tana ƙara ta. Mutum ba ya jin ta sai ta kai wajen volt 3,000, alhali ƙasa da haka sosai ya isa ya raunata abin da ke kan allo. Abin tsoron shi ne ba lallai na'urar ta mutu nan take ba; tana iya tashi lafiya, bayan wata biyu ta fara daskarewa, ba wanda zai gane daga ina ciwon ya fito. Na lura ko yaron shagonsa ba ya kama RAM sai ta gefe, yatsa ba ya taɓa haƙoran zinaren nan.

Da ya cire murfi na ji nauyi a zuciyata. Ƙurar Maradi ta dunƙule tsakanin fanka da ƙarfen da ke shanye zafin furosesa, har ya sa yatsa biyu ya ɗago ta gaba ɗaya, ja-ja-ja da ita. Iska ba ta da hanyar wucewa, shi ya sa na'urar ke kashe kanta don kada ta ƙone. Ya fitar da akwatin ƙofar shago ya hura da abin hura iska, amma sai da ya sa tsinke ya tokare kowace fanka tukuna. Ya ce in aka bar iska ta juya ta fiye da ƙima, gindinta na lalacewa. Sauran ƙurar ya bi ta da buroshi mai laushi. Ruwa ko fetur bai kusanci allon ba.

Sannan ya ɗaga ƙarfen daga kan furosesa. Man da ke tsakaninsu, mai kai zafin furosesa ga ƙarfen, ya bushe ya tsattsage, da alama tun daga masana'anta ba a canza shi ba. Ya goge da auduga da alkol har wurin ya yi ƙyalli, ya ɗiga sabo daidai ƙwayar wake a tsakiya, ya mayar da ƙarfen yana ɗaure sukurorin huɗu a gicciye, wannan kusurwa sannan waccan, kaɗan-kaɗan. A nan ne na fahimci dalilin rashin saurinsa, domin wannan aikin kaɗai ya ɗauke shi lokacin da wani zai ce ya gama gyara duka.

Akwai inda muka ɗan ja da shi. Na hango ƙura cikin akwatin wuta, wanda igiyar bango ke shiga, na ce, "Malam, wannan ma a buɗe a share mana." Ya girgiza kai. "Hajiya, wannan ba na buɗe shi, kuma kada ki bari kowa ya buɗe maki." Ya ce akwai wasu manyan tulunan ajiye wuta a ciki da ke riƙe fiye da volt 300, kuma suna iya riƙewa bayan an zare igiya. In ya lalace a canza shi ɗungurungum. Daga waje ya hura shi ya bar shi. Ya nuna mani tarin irinsu a ƙarƙashin tebur, ƙonannu, yawancinsu tsofaffi masu ɗan jan maɓalli a baya da aka rubuta 115 da 230. Wutar Amurka volt 120 ce, tamu 220. In na'ura ta zo maɓallin na kan 115 aka jona ta haka, ƙara ɗaya za a ji sai hayaƙi. Tawa an rubuta 100–240 a jikinta, ba ta da wannan matsala, amma duk mai sayen kwamfutar gwanjo ya duba bayanta kafin ya kai hannu ga soket.

Maganar kwanan wata kuwa ƙaramin abu ne, batir ɗan zagaye CR2032 mai volt 3 da ke kan allo ya ƙare. Ya canza, ya gyara agogo.

Ƙarin da muka yi biyu ne. Na farko RAM. Wani ɗan'uwana ya ba ni guda da ya cire daga sabuwar na'urarsa, na kawo da murna, ya duba ya mayar mani. DDR4 ne, tawa kuma DDR3 take ci. Ya jera su ya nuna mani tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, ɗaya haƙora 288 ɗaya 240, wanda ya danna da ƙarfi ramin zai karya. Ya samo giga 4 irin nawa ya sa a ramin da launinsa ya dace da na farkon, don su yi aiki tare. Ya kuma duba ko Windows ɗina samfurin bit 64 ne, domin samfurin bit 32 ba ya ganin abin da ya wuce wajen giga 4, da kuɗin sun tafi a banza. Na biyu SSD, wato diski na zamani mai sauri, mai giga 256 a madadin tsohon diski mai juyawa. Bai yarda da abin da aka rubuta a kwali ba, sai da ya cika shi da bayanai ya karanto su, saboda akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi. Tsohon diskin bai ce in bar masa ba, ya ɗaure shi a ciki ya zama wurin ajiya na biyu. Yanzu kafin in gama share teburi na'urar ta tashi, kuma zafin bana bai kashe ta ko sau ɗaya ba.

Na so in ƙara katin hoto, wanda ke ƙara ma kwamfuta ƙarfin sarrafa hotuna, saboda masu kawo aikin katin biki. Ya hana ni, alhali yana da shi a kanta. Ya ce akwatin wutata bai kai wat 300 ba, ba zai ɗauki babban kati ba. Ya kuma faɗa mani abin da ban ji daɗinsa ba amma gaskiya ne: Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana neman furosesa daga zubi na 8 zuwa sama, tawa zubi na 3 ce. Don haka kada in ƙara zuba mata kuɗi, in ci moriyarta ina tarin na wata.

Duka-duka na biya jika 31: SSD 18, RAM 6, aikin hannu da mai da batir 7. A wani wurin aikin hannun ba zai wuce jika 3 ba, na sani.

Inda ya gaza kuwa ba zan ɓoye ba. Ba ya ajiye kaya da yawa, SSD ɗin sai da aka jira ya iso daga Kano ta Jibiya da Dan Issa, kuma ranar da ya ce ba ita ce ranar da ya iso ba. Ga mai sana'a irina wannan asara ce, ɗalibai ba sa jira. Yana aiki ba ya ɗaga waya. Shagon matsattse ne, benci ɗaya, mace ba ta sakewa in maza sun cika shi. Garantin RAM na hannu mako ɗaya kawai yake bayarwa, wanda a ganina ya yi kaɗan tunda shi da bakinsa ya ce ciwon irin waɗannan kaya a hankali yake fitowa. Takardar shaidar biya ma sai da na nema ya rubuta.

Da zan tafi na ambata masa cewa akwatin na ɗan jan hannuna in na taɓa shi ba takalmi. Ya ce wannan ba daga kwamfuta ba ne, wayar ƙasa ce babu a shagona, kuma ba aikinsa ba ne, in nemi mai gyaran wutar gida. Na nemo, aka kafa ƙarfe a ƙasa aka ja waya zuwa soket, jan ya daina. Mai niyyar zuwa ya je da safe kafin layin ya cika, ya tafi da diskin da za a kwafe masa kayansa, kuma ya tambayi ranar isowar kaya kafin ya bar na'urarsa a can.