KiCad ko EasyEDA: da wanne za a zana allon lantarki?

Masu haɗa ƙananan na'urori don sha'awa suna yawan tambayata wanne za su koya, KiCad ko EasyEDA, manhajoji biyu na zana allon da ake ɗora ƙananan kayan lantarki a kai. Maganar kuɗi ba ta taso ba, duka biyun kyauta ake farawa.

Wajen sauƙi, EasyEDA ne gaba. A burauza yake aiki, kuma haɗe yake da rumbun kayan LCSC, kamfanin sayar da kayan haɗa na'urorin lantarki, da ka zaɓi transista sai ta zo da zanen ƙafafunta. Wannan ba ƙaramin taimako ba ne, domin kuskuren wannan zane ne ke sa allo ya iso daga masana'anta, a zo ɗora cip, ƙafafu su ƙi zama. Yin oda a JLCPCB, masana'antar da ke ƙera allon, ma nan take ne.

KiCad kuwa, wanda Jean-Pierre Charras ya fara a 1992, sai an yi haƙurin koyo. Amma fayilolinka na cikin kwamfutarka, ko babu intanet aiki na tafiya, kuma buɗaɗɗiyar manhaja ce, wato kowa na iya dubawa da gyara yadda aka rubuta ta, babu kamfanin da zai rufe maka ita. Ni wannan ya fi burge ni.

Mai ɗokin ganin allonsa na farko, EasyEDA ya ishe shi. Wanda zai daɗe a harkar, yana son zanensa a hannunsa, KiCad ya fi dacewa da shi.